Burodin Solange a Motar Gwangwani

"Ai shi ya sa na ce miki inji ya fi," in ji Lucien, yana zaro dogayen burodi daga tanda. "A kafa shi gaban ofishin magajin gari, mutum ya jefa kuɗinsa, burodi ya faɗo. Ba mai, ba taya, ba jandarma."

"Injin naka zai hau tudu ya kai wa tsohuwar da ko matakalar ɗakinta ba ta iya sauka?" Solange ta tambaye shi.

"Yaya, burodi nake gasawa, ba asibiti na buɗe ba."

"Baba ma ai burodi yake gasawa."

"Baba bai taɓa bari an ƙwace masa lasin tuƙi ba."

Ƙanen nata ya taɓa inda ke ciwo. Ta ci gaba da jera burodin a kwando, tana busa yatsunta saboda zafi.

Abin ya faru ne a makon da ya wuce. Tana saukowa daga tudu, wata tsohuwa ta kira ta a waya, wai a ƙara mata burodi gobe, jikokinta za su zo. Solange ta ɗauka kamar yadda ta saba. A mahaɗar bayan maƙabarta akwai allon da ke cewa a tsaya cak, ita kuwa rage gudu kawai ta yi, ta leƙa hagu da dama ta wuce, don tun tana yarinya ba ta taɓa haɗuwa da komai a wurin ba sai shanu. Ran nan jandarmomi ta tarar, jami'an tsaron hanya. Ga waya a hannu, ga ƙin tsayawa. Nan take suka karɓe lasin ɗin, sai Lucien ne ya zo da fulawa a gashinsa ya tuƙo motar gida. Daga baya hukunci ya fito: wata huɗu ba ita ba sitiyari.

Kwanakin farko Lucien ne ya yi ta zagayen kai burodin da kansa bayan ya gama gashi, har wata safiya gyangyaɗi ya kusa jefa shi rami.

"Ni dai na gama," ya ce, ya ajiye dogon katakon zaro burodi. "Ki san yadda za ki yi. Amma ki ji da kyau, ranar da burodi ya wuni bai kai tudu ba, ranar zan sa motar nan a kasuwa. Kuma ba na sake sayen wata."

Solange Peyrat ta kusa shekara sittin, kuma fiye da rabin rayuwarta a motar nan da waɗanda suka gabace ta ta yi shi. Mahaifinsu ne ya fara kai burodi ƙauyukan da ke saman garinsu Montchabrol, lokacin da kowane gida akwai yara da karnuka. Da ƙafafunsa suka gaza, ya ba ɗansa tanda, ya ba 'yarsa mota. Ta yi aure, mijin ya rasu da wuri, 'yarta guda ta tafi birni aikin jinya, ita kuwa tana nan tana hawa tudu tana sauka. Gidajen suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana a wasu ƙauyukan hayaƙin murhu biyu ko uku kaɗai ake gani.

Tana da yadda take aikinta. In ta shigo ƙauye sai ta danna hon mai tsawo, ta tsaya gindin bishiya, masu ƙarfin fitowa su fito. Waɗanda ba sa iyawa, kowa na da jakar ƙyalle rataye a ƙofa, sai ta zura burodin ciki. Kafin ta juya kuwa sai ta ɗaga kai ta dubi tagogi. In an buɗe murfin taga, lafiya ke nan. In rana ta ɗaga yana rufe, ko ta tarar da burodin jiya a jaka, ba ta tafiya sai ta ƙwanƙwasa ta ji murya. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ke biyanta. Haka nan takan ɗauko wa wannan magani, ta kai wa wancan jarida, ta gaya wa kowa wanda ya haihu da wanda aka binne. Ta san ribar zagayen ba ta taka kara ta karya ba, kuma ta san Lucien ya daɗe yana neman dalilin dainawa.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Mai sayar da nama ya jawo ta gefe ya ce, "Haba Solange, sai ka ce baƙuwa. Bi ta hanyar daji mana. Yaushe rabon da ki ga jandarma a saman can? Ko akuya ba ta bin hanyar."

Ta ce za ta yi tunani, kuma gaskiya ta yi tunanin. Da yamma ta tafi ofishin inshora, don dole ne ta shaida musu an dakatar da ita. Matar da ke wurin, Madam Vialle, ajinsu ɗaya a firamare, saboda haka ba ta tsaya kwana-kwana ba.

"Kuɗin da kike biya zai ƙaru, wannan ba makawa. Amma ba shi ne abin tsoro ba. Na ga idonki, na san abin da kike saƙawa."

"Ni me na ce?"

"Ba ki ce ba. In aka kama ki kina tuƙi yanzu, ba maganar tara a bakin hanya ba ce, gaban alƙali za ki tsaya. Yana iya ƙara miki watanni, yana iya soke lasin ɗin gaba ɗaya, yana iya ƙwace mota, har gidan yari doka ta ba shi dama. In kuwa kika buge wani, shi za a biya shi, ba za a bar shi ba. Sai dai bayan an biya shi, kanki za a juyo. Motarki da ƙashinki kuwa, ko sisi ba za mu ba ki ba."

"Ko ba ni ce da laifi ba?"

"Wa zai tsaya sauraronki? Ki je ki tambayi Baba Firmin."

Ba sai ta tambaya ba, duk garin an san labarin. Firmin manomi ne a da, mai shanu da gonaki a gefen rafi. An taɓa dakatar da shi saboda gudu, sai injin tatsar nono ya lalace masa, ya ce bari ya zaga garin gaba ya sayo ƙarfen gyara ya dawo kafin wani ya gani. A kwanar gada ya haɗu da wani saurayi a babur. Saurayin ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya. Kotu ta soke lasin Firmin, sannan aka zo masa da abin da aka kashe wa yaron da abin da za a ci gaba da kashewa. Shanu suka tafi, gonaki suka bi su. Shi da matarsa Léonie suka dawo cikin gari, wani ɗan gida da tagarsa ke kallon bayan gidan burodi. Bai sake neman lasin ba.

Solange ta miƙe za ta fita, Madam Vialle ta jawo takardar hukuncin ta sake dubawa. "Tsaya. Ba a hana ki kowane abin hawa ba, lasin kawai aka riƙe. Kuma shekarunki sun ba ki dama. Kina iya tuƙa gwangwani."

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Gwangwani su ne ƙananan motocin nan masu kujera biyu da ba sa buƙatar lasin, masu ƙara kamar injin niƙa, waɗanda in sun ƙure gudu mai keke mai ƙwazo yana iya jerawa da su a gangara. Kowa ya san masu shigarsu: tsofaffin da ba su taɓa koyon mota ba, da mashayan da aka ƙwace wa takarda. Solange da kanta ta sha zagin su in sun tare mata hanya.

Duk da haka, washegari ta ƙwanƙwasa ƙofar Firmin, don shi yana da guda, ja, tana ajiye ƙarƙashin tamfol tun da yanar ido ta rufe masa gani.

"A'a, sarauniyar hanya!" ya ce, yana dariya har da tari. "Ke ce kika taɓa ce mini in sa mata igiya in riƙa ja, wai zan fi sauri."

"Baba Firmin, a bar tone-tone."

"Ina, sai na tona! Léonie, fito ki ga wadda ta zo neman auren 'yata."

Inna Léonie ta leƙo daga kicin, gajeruwar mace mai farin gashi, ta gaishe ta ta koma. Firmin ya yaye tamfol ɗin, yana shafa motar kamar saniya. Ya nuna mata yadda ake lallaɓa ta in ta ƙi tashi da sanyi, ya ce ba ya son ko kwabo, burodi kawai za ta riƙa jefo musu. Da ta karɓi makulli, sai ya riƙe hannunta, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"In sun yi miki dariya, ki taya su. Dariya ba ta karya ƙafar kowa."

An yi wa motar inshora da sunanta, ta fara. Ran farko mutanen gari suka fito ƙofar shaguna kamar ana biki. Burodi ya cika bayan motar, ya cika kujerar gefe, dogayen sun leƙo ta taga. Mai nama ya sara mata kamar soja. A ƙauyen Jarrige wani tsoho ya zagaya motar, ya sunkuyo ya ce, "Solange, ashe ke ma kina taɓawa? Da kin faɗa, ai da tuni na ba ki giyar tuffa da na dafa bara."

"Wadda ta kwantar da kai a kwata? Riƙe abarka, Baba."

Hon ɗin ma abin tausayi ne, kamar kukan agwagwa, sai da ta riƙa haɗawa da kira da baki. Kaya ba sa shiga gaba ɗaya, don haka zagaye ɗaya ya koma biyu: ta yi gabas ta dawo ta sake lodi, sannan ta yi yamma. Manyan motocin katako suna yin layi a bayanta a hawan tudu, ita kuwa in ta sami fili sai ta raɓe ta ɗaga musu hannu.

Abin mamaki, bayan 'yan makonni sai ta ji abin ya fara yi mata daɗi. A wannan tafiyar hawainiya ta ga abubuwan da ta shekara talatin tana wucewa ba ta gani ba: wata maɓuɓɓuga a gindin dutse, da wani gida da ta ɗauka kango ne ashe wasu matasa sun saya suna gyarawa, har suka zama masu sayen burodinta. Ba ta komawa gida sai la'asar, bayanta na ciwo, kunnuwanta na ƙara, amma burodi bai taɓa fashi ba. Lucien bai yaba ba, bai kuma sake ambaton inji ba.

Ana cikin wata na uku, wata Juma'a da yamma, gwangwani ta yi wata ƙara a bakin gari ta tsaya. Bakanike ya leƙa ya ce bel ne ya tsinke, kuma irinsa sai an aiko daga nesa, ba zai iso ba sai wani makon. Ta shiga ta gaya wa su Firmin, tun da motarsu ce, sannan ta yi ta kiran mutane. Wannan yana wurin aiki, wancan zai kai ɗansa wasan ƙwallo, wani kuma ya ce shi bai iya hanyar tudu ba.

Asabar kuwa ita ce babbar rana, don mutanen tudu suna sayen na kwana biyu, kuma tanda ba ta hutawa sai azahar.

"Kada ki kalle ni," Lucien ya ce da safe. "In na bar tanda, wa zai tsaya? Kuma kada ki kuskura ki kalli ƙusar can."

Makullin babbar motar yana rataye a ƙusar. Ta loda kwandunan a motar, tana ce wa kanta ai lodi ba tuƙi ba ne, wataƙila wani ya ɓullo. Ba wanda ya ɓullo. Da Lucien ya juya baya, ta zare makullin ta fita.

Ta zauna a kujerarta. Kujerar ta san jikinta, sitiyarin ya goge daidai inda take riƙewa. Gari ya waye tas, ba hazo, ba ruwa. Ta hanyar daji ba za ta haɗu da kowa ba, ta san kowane rami da kowace kwana, kuma ba ta taɓa ko goge wa wani fenti ba. Yau ɗaya dai za ta tuƙa, sau ɗaya kawai. Ta zura makullin.

Sai ta ji an ƙwanƙwasa gilashi. Inna Léonie ce, sanye da rigar zuwa coci, jaka a hammata.

"Sauka."

"Inna, ɗumama injin kawai nake..."

"Ni ma da idona, tun ɗazu nake kallonki ta taga. Matsa can."

Ta buɗe jaka ta zaro wata tsohuwar takarda ruwan hoda mai ninki uku, irin lasin da ake bayarwa a da, wanda ba a sabunta shi. Hoton ciki wata budurwa ce mai baƙin gashi.

"Kina da lasin?" Solange ta ce. "Tun yaushe?"

"Tun kafin a yaye ƙanenki. Jiya kin zauna a kicin ɗina kin lissafa duk mazan garin nan, ina zuba miki shayi, ko ki dube ni."

"Ban taɓa ganinki a mota ba, Inna."

"Wa zai gan ni? Shi ke tuƙi, ni ina gefe da kwando a cinya. Ran da ya tafi sayo ƙarfen nan, ina tsakar gida ina shanya, takardar nan tana cikin durowa. Bai zo masa a rai ya ce in kai shi ba. A ce an ga Firmin matarsa na tuƙa shi? Matsa, ƙafata na ciwo."

Solange ta matsa, kunya ta kama ta har wuya. Kafin su tashi sai da ta kira Madam Vialle, wadda ta ce inshorar motar ta yarda duk mai lasin mai kyau ya tuƙa, ta kuma ƙara da cewa Allah ya kai su lafiya, da wata irin murya.

Motar ta yi tsalle ta mutu. Aka sake, ta sake tsalle. Lucien ya fito da gudu zai yi faɗa, ya ga wadda ke bayan sitiyari, ya tsaya baki buɗe. Firmin kuwa ya buɗe taga yana ihu, "A hankali da kuloci, tsohuwa! Ba keken ɗinki ba ne!"

"Koma ciki, makaho, kafin in fara da kai!"

A karo na uku suka fita. Léonie ta manne da sitiyari, haɓarta kusan a kansa, tana tafiyar da ko gwangwani za ta wuce ta. Solange ta zauna kan hannuwanta don kada su kai wa sitiyarin cafka, ƙafarta kuwa sai taka birkin da babu take yi. "Rami a dama, Inna. Yanzu ki canja. A'a, ɗayan. Yawwa." A mahaɗar bayan maƙabarta tsohuwar ta tsaya cak, ta duba hagu, ta duba dama, ta sake duba hagu, har wani tsuntsu ya sauka kan allon ya tashi.

Da suka fara hawan tudu, kafaɗun Léonie suka saki kaɗan. A Jarrige ta danna hon ta ƙi ɗagawa, duk ƙauyen ya fito, har waɗanda aka saba sa wa a jaka. Wata tsohuwa ta rungume ta ta taga, ashe tare suka yi makaranta kuma rabonsu da juna tun kafin a sayar da gonar. Aka kawo kofi, aka kawo cuku a takarda. Solange ce ma ta riƙa cewa a yi haƙuri, akwai sauran gidaje. Hanyar ta bi ta gefen rafi, ta gaban gonakin da suke nasu a da. Léonie ba ta waiwaya ba, ta ce kawai, "Sun bar shingen ya lalace," ta canja giya ba tare da an gaya mata ba.

Sai bayan azahar suka dawo, kwanduna fayau. Lucien yana zaune bakin ƙofar baya. Ya tashi ya zagaya motar a hankali, ya tsaya kan madubin dama da ya ɗan karce a bangon wani gida, ya shafa, ya dubi yayarsa.

"Duka aka kai?"

"Har gidan ƙarshe."

Ya juya wurin Léonie da ke saukowa da ƙyar tana dafa ƙofa. "Inna, ranar Talata fa? Gwangwanin ba za ta tashi ba kafin nan."

"In za ka riƙa ba ni burodi mai zabibi, ba wannan busasshen da kake aiko wa mijina ba."

"Za a ba ki." Ya sosa ƙeya, fulawa na zuba. "Yaya, nawa zan ƙara na tudu? Na ga yau bai ishe ku ba."

Ta gaya masa. Ya gyaɗa kai ya shige ciki yana hamma, yana cewa madubin nan dai wani zai gyara shi, ba shi ba. Léonie ta mayar da takardarta jaka, ta tsallaka titi tana ɗingishi, Firmin na jiranta a ƙofa yana tambaya ko mutum nawa ta take.

Solange ta tsaya ta miƙe bayanta. Rana ta yi daɗi, ƙamshin burodi bai gama fita daga motar ba. Ta ɗora kwandunan ɗaya kan ɗaya, ta rungume su, ta nufi famfon bayan gida don ta wanke su kafin ta leƙa wurin bakanike.